Tarihin Gobara a Sikelin 'Yan Gwangwan

Da zarar an gama kaka, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga gabas, garin Taba da maƙwabtansa na ƙasashen Kudan, Makarfi da Ikara sukan zama tamkar makamashin da aka jera ana jiran ashana. Harawa tana bisa soraye da rassan itatuwa, karan dawa yana jingine da katanga, rumbuna sun cika, ganyen rake ya bushe a fadamu, masu mazarƙwaila sun hura murhunsu tun asuba. A ɗakunan tsofaffi da na masu jego akwai kaskon garwashi, a bakin titi kuma ga galan-galan na 'yan bumburutu a jere. Da wuya a sami dattijon da ya haura sittin a wannan yanki wanda ba zai iya ba da labarin wata gobara da ta tashi unguwa ba: gidan da ta faro, ɓangaren da iska ta kaɗa ta, rijiyar da aka ƙafar da guga, lungun da ta zo ta tsaya. Labarin yana cikin kansa ne kawai, kuma ranar da aka kai shi makwancinsa, da shi za a tafi.

Wannan yanki yana buƙatar ɗaki guda, ko da bai fi zaure girma ba, inda za a adana tsofaffin kayan kashe gobara da labarin gobarar da aka yi a garuruwansa. Waɗanda nauyin kafa shi ya rataya a wuyansu kuwa su ne 'yan bokon yankin, likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikatan da ke Zariya da Kaduna da Abuja, da kuɗin aljihunsu da lokacin hutunsu, ba tare da sun jira gwamnati ba.

Za a yi wa wannan magana dariya, kuma an san irin dariyar. Za a ce mutanen da ke neman motar da za ta zo da ruwa su ne ake yi wa tallan motar da ta mutu shekara hamsin da suka wuce. Za a ce gidan tarihi abin ƙoshi ne, sai Turawan da suka gama da yunwa. Mai wannan dariya ya kamata ya fara duba abin da irin waɗannan gidaje suke yi a inda suke.

A garin Rocdel da ke kusa da Mancesta a Ingila akwai gidan tarihin kashe gobara da aka buɗe a 1983, wanda 'yan sa kai ne ƙashin bayansa, cikinsu har da tsofaffin 'yan kwana-kwana da suka yi ritaya. Su ke goge motocin, su ke gyara injinansu, su ke zagayawa da ɗaliban firamare. A Filadelfiya ta Amurka akwai makamancinsa a cikin wata tsohuwar tashar kwana-kwana, a birnin da Benjamin Franklin da abokansa suka kafa ƙungiyar sa kai ta kashe gobara a 1736, inda aka ɗora wa kowane mamba ya tanadi gugunan fata na ɗibar ruwa da buhunan kwashe kaya, ya kuma fito da su duk gidan da wuta ta kama. Irin waɗannan gidaje sukan nuna famfon hannu na Richard Newsham, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a Landan a 1721 da 1725: akwati ne na katako a kan ƙafafu, mutane suna zuba masa ruwa da guga, wasu ƙarti a hagu da dama suna danna sanduna sama da ƙasa, wani ɗan ɗakin iska a cikinsa yana sa ruwan ya fita a miƙe ba tare da yankewa ba. Yaron da ya tsaya a gaban wannan akwati ya ga cewa ba ya aiki sai da layin mutane daga rijiya zuwa bakinsa, ya fahimci abin da lacca goma ba za ta koya masa ba, wato kashe gobara tsari ne da ake shiryawa tun wuta ba ta tashi ba.

Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne labarin da ke rataye a jikinsu. A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai burodi a Landan, ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje kimanin 13,200 da majami'u 87. A shekarar da ta biyo baya aka yi dokar da ta wajabta gini da bulo ko dutse. A ranar 25 ga Maris 1911 mutum 146, akasarinsu 'yan mata masu ɗinki, suka mutu a masana'antar Triangle da ke Niyok, da yawansu saboda an kulle ƙofar fita. Dokokin tsaron ma'aikata da jihar ta yi bayan nan daga wannan rana suka samo tushe. Kusan kowace ƙa'ida da injiniyan gini yake karantawa a Jami'ar Ahmadu Bello a yau, daga faɗin matakala zuwa ƙofar da ke buɗewa waje, akwai gawarwaki a bayanta, akwai kuma wasu da suka ƙi yarda a manta da yadda aka yi suka mutu.

To, a juyo gida a duba. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. Babbar kasuwar Kaduna, wadda ake kira da sunan Sheikh Abubakar Gumi, ta ƙone a 2000. Kasuwar Taminus ta Jos ta ƙone a 2002, ta kuma shafe shekaru a kango. A watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama, alƙaluman da aka bayar a lokacin suka ce shaguna kimanin 3,800 ne suka tafi. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairu, ta Katsina ta bi ta a Maris. A cikin shekarar dai, yara 20 suka mutu a azuzuwan zana a Yamai a watan Afrilu, wasu fiye da 20 suka mutu a irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi a watan Nuwamba, wata bakwai kacal a tsakani. A Oktoba na 2024 tankar mai ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka halaka, yawancinsu suna kwasar fetur. Wata uku bayan haka, a Janairu na 2025, aka maimaita abin kusan sak a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja.

Tsarin abin da ke biyo baya kowa ya haddace shi. Manya su zo jaje da jerin gwanon motoci, a yi alkawarin tallafi, a kafa kwamiti, a ɗauki hoto a gaban toka. Rahoton kwamitin da wuya ya kai hannun ɗan kasuwar da shagonsa ya ƙone, balle na wata kasuwar da ba ta ƙone ba tukuna. Sai a sake gini, a sake cike hanyoyin da aka bari don mota da tebura da rumfuna, a sake jan wayoyin lantarki kamar saƙar gizo, a sake ajiye fetur ɗin janareto a bayan kanta. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma sai mutum ya tuna cewa gemun ya taɓa kamawa.

Nan ne ake jawo ƙaddara a rufe bakin mai tambaya. Babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara, sai dai abin mamaki ne yadda ake tuna ta bayan wuta a manta da umarnin da ya zo kafin wuta. Buhari da Muslim duk sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta kafin a kwanta. Abin lura a nan shi ne an ba da labarin gobarar, an ciro hukunci daga cikinta, an kuma adana duka biyun har suka iso wannan zamani. Wanda ya ce bin diddigin yadda gobara ta tashi rashin tawakkali ne, ba daga nan ya samo hujjarsa ba.

Kayan da za a adana ɗin kuma suna ƙarewa a kullum. Aikin kashe gobara na hukuma a Nijeriya ya faro ne a 1901 a matsayin wani sashe na 'yan sandan Ikko, aka yi masa dokar tarayya a 1963, jihohi kuma suka kafa nasu hukumomin. Shekara fiye da 120 ke nan, da motocin da aka yi ta sauyawa, da hulunan kwano, da ƙararrawa, da bakunan mesa na tagulla, da littattafan da ake rubuta kowace fita. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya ratsa wannan yanki ta Likoro da Gimi da Auchan, a zamanin da jirgi ke tafiya da gawayi yana watsa tartsatsi a busasshiyar ciyawa, tashoshi kuma suna rataye jajayen bokitan yashi. Kasuwannin auduga da suka riƙa ciyar da injin gurza na Zariya su ma wurare ne da ake tsoron wuta a cikinsu fiye da ɓarawo. Idan abin hukuma ya tsufa a ƙasar nan, hanyarsa sananniya ce: a jingine shi a bayan ofis har ciyawa ta fito ta cikinsa, a yi gwanjonsa, a yanka shi da wuta, a ɗora a sikeli. Bai kamata a ga laifin 'yan gwangwan ba. A duk faɗin ƙasar su kaɗai ne suka ɗauka cewa tsohon ƙarfe yana da wata daraja, har suke yawo gari-gari suna nemansa. Masu digiri a tarihi da injiniyanci ba su kai su himma ba.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa ɗakin da ake magana a kansa zai dogara da jar mota. Mafi tsadar abin da Taba da Hunkuyi da Paki za su sa a cikinsa ba a Ingila aka ƙera shi ba. Mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin jinka, da murhu a tsakar gida da hunturu a kowace shekara, dole sun san wuta, kuma saninsu yana nan a cikin yadda suka tsara gari. Mai hali yakan gina soro ko shigifa mai rufin azara da ƙasa ya sa dukiyarsa a ciki, don ya san tartsatsi ba ya cin laka. Manomi yakan share gewaye a kusa da tarin amfanin gona da bakin gonar rake kafin masu farauta su cinna wa daji wuta. Mai shela yakan zaga da dare a lokacin iska yana tunatar da mata a kashe wuta. Idan ta kama, ana yaye jinkar ɗakunan da ke gabanta a jefar ƙasa don ta rasa abin ci, wanda shi ne ainihin dabarar da ta taimaka wajen tsayar da gobarar Landan da aka koma rushe gidaje a gabanta. Maƙera kuma suna da nasu ilmin na wuta da ƙuna, wanda ya cancanci a rubuta shi, a tace, a ware mai amfani daga wanda ba shi da shi. Ƙugiyar yaye jinka, da gugan fata, da tulu, da ƙahon shela, idan aka haɗa su da muryar tsohon da ya yi aiki da su, sun isa su cika bango guda.

Wanda ke shakkar darajar muryar tsoho ya tuna da littafin Baba ta Karo. Wata tsohuwa ce da ta tashi a Karo da Zarewa, nan kan iyakar Kano da Zazzau, ba nisa da wannan yanki. Mary Smith ta zauna da ita a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau jami'o'in duniya suna karanta rayuwar matan Hausa ta bakinta. Da an yi jinkirin shekara biyu da babu shi. A yau kowane ɗalibin sakandare a Makarfi yana iya samun wayar da za ta ɗauki murya da hoto fiye da duk abin da Mary Smith ta mallaka.

Akwai kuma dalilin gaggawa. An bar tsohon gida an shiga sabo ba tare da an kawo tsohuwar hattara ba, alhali sabon ya fi saurin ci. Katifar soso, kujerun kushin, labulen roba da silin na leda duk daga man fetur aka samo su. Gwajin da cibiyar UL ta Amurka ta yi ya nuna ɗakin da aka cika da kayan zamani yana iya kamawa gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 5, alhali mai kayan katako da auduga na da yakan kai kusan rabin sa'a. A ƙara da tagogin da aka yi wa ƙarfe saboda ɓarayi, da ƙofa guda mai kwaɗo biyu, da hitar da aka manta a bokiti lokacin da aka ɗauke wuta, da batirin sola, da tukunyar gas a ɗakin kwana. Motar da za ta taso daga wani gari, ko da tankinta cike yake kuma direbanta bai tsaya ko'ina ba, ba za ta riski waɗannan mintuna biyar ba. Idan ta iso a makare matasa su yi mata ruwan duwatsu, kamar yadda aka sha gani a biranen Arewa, an huce haushi ne a kan mutanen da su ma da ransu suka zo. A ƙauye, wanda zai ceci gida maƙwabci ne, kuma abin da ya sani a wannan minti shi ne komai: cewa ruwa yana yaɗa wutar fetur, yashi ke kashe ta, cewa kaskon mai idan ya kama murfi ake kifa masa, cewa gas ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, kuma kunna fitila a ɗakin da yake wari na iya tayar da shi, cewa a cikin hayaƙi rarrafe ake yi, cewa ƙuna ruwa mai sanyi take so na tsawon minti 20, ba ɗanyen ƙwai ko man goge baki ba.

Ana iya rubuta duk wannan a takarda a raba, kuma an sha yi, takardar ta ƙare a hannun mai ƙosai. Wuri ne yake riƙe ilmi: ɗakin da malamin firamare zai kai ajinsa kowane zango, inda yaro zai ɗaga tsohuwar hular kwano ya ji nauyinta, ya ga hoton kasuwar garinsu a toka, ya ji muryar kakan abokinsa, sannan a fita fili a nuna masa yadda ake zare fil ɗin tukunyar kashe wuta. A Jamus masu kashe gobara na sa kai sun kai kimanin miliyan guda, su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, a Amurka ma wajen kashi biyu cikin uku 'yan sa kai ne. Ƙananan garuruwan can ba su jira babban birni ba. Yankin Kudan da Makarfi da Ikara kuwa ba baƙon sa kai ba ne. Ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini da kakinsu da faretinsu, ga 'yan sintiri, ga al'adar gayya, ga ɗaliban kiwon lafiya a Makarfi. Abin da ya rage shi ne wurin haɗuwa da wanda zai koyar, kuma tsohon ɗan kwana-kwanan da ya yi ritaya yana zaune a ƙofar gida babu mai tambayarsa komai.

Me ya sa ba za a bar wa gwamnati ba? Domin an san abin da zai zama: kwangilar gini, bikin yanke kyalle, ma'aikata goma sha biyu da mai gadi, sannan kwaɗo. Gidajen tarihi na hukuma irin su Gidan Makama a Kano da na ƙasa da ke Kaduna suna da nasu aikin, kuma ba za su taɓa sauko wa labarin gobarar wata unguwa a Taba ba. Misalin da ya fi kusa yana Ikko, inda ƙungiyar sa kai ta Legacy 1995 ta gyara Gidan Jaekel, wani tsohon gini na 1898 a harabar hukumar jiragen ƙasa da ke Ebute Metta, ta mai da shi ƙaramin gidan tarihin layin dogo a 2010. Masu zanen gini ne da malamai da masu sha'awa suka ga abu yana ruɓewa suka nemi izini suka gyara. Abin da ake buƙata daga hukuma bai wuce wannan ba: izini, da alkawarin cewa kafin a yi gwanjon tsohuwar mota ko a ƙona tsofaffin littattafan aiki za a bari a zaɓa.

Gaskiya ne irin wannan aiki yana da cutar da ke kashe shi. Yakan rayu da mutum ɗaya ya mutu da shi, magada su raba kayan ko su sayar. Gara da ɗigon damina suna cin takarda, tagulla tana jan ɓarawo, siyasar gari kuma tana iya mai da ɗaki guda fagen rigimar wane ne shugaba. Maganin waɗannan ba boyayye ba ne ga mutanen da aikinsu ke nan a ofis. Lauya ya rubuta waƙafi da amintattu daga garuruwa daban-daban, da sanin hakimi da dagaci. Kowane abu a ba shi lamba a rubuta wanda ya bayar. Kowace murya da aka ɗauka a kai kwafinta Gidan Arewa a Kaduna ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, don kada gidan tarihin gobara ya zama abin da gobara ɗaya za ta shafe.

Kuɗin duka bai kai abin da ƙungiyar ci gaban gari take kashewa a taron shekara guda ba, da hayar rumfuna da buga kalanda da allunan karramawa da ake miƙa wa waɗanda suka riga suka ƙoshi da girma. Waɗannan ƙungiyoyi sun iya tara gudunmawa cikin kwana biyu idan kasuwa ta ƙone, sun kuma iya rubuta saƙon jaje mai ratsa zuciya a WhatsApp. Aikin da ake nema a gare su ya fi wannan rashin armashi. Wani ya ba da aron zaure. Wani ya sayi babban littafi mai layi. A sami matasa huɗu su bi unguwa-unguwa kafin hunturu mai zuwa, su zauna da tsofaffi maza da mata, su cike shafi guda ga kowace gobara da aka tuna: shekarar ko sarautar da aka yi ta, lokacin dare ko rana, abin da ya tayar da ita, inda iska ta nufa, gidaje da rumbuna nawa, wace rijiya ce ke da ruwa, wa ya fara isowa da kuma abin da ya riƙo a hannunsa.